Igiyar da Ta Riga Ɓauna Hayewa

"To ina tsohuwar igiyar?"

"Na gaya maka, ta tafi."

"Igiya ta tafi. Da ƙafarta ko a mota?"

"Dilman, ni ba kakarka ba ce da za ka tsokane ni da sassafen nan. Yamlal ya zo jiya ya ɗauka."

Dilman Dai, wato Yaya Dilman, ya ajiye kofin shayi a kan bencina, ya tashi ya zagaya ɓaunar. A ƙasarmu ɓauna dabbar gida ce, ana tatsar ta kamar saniya. Baƙa ce mai faɗin ciki, ƙahoninta sun lanƙwashe baya. An ɗiga mata jan gari a goshi, an rataya mata furanni a wuya, kamar yadda ake yi wa duk wanda zai bar gida. Igiyar da ke wuyanta kuwa sabuwa ce fil, shuɗiya, ta roba. Ya kama bakinta ya sunsuna, ya sake.

"Warin kanti take yi, Bauju."

Bauju, wato matar wa, yake kiran Kausila mai ɓaunar, domin marigayi mijinta ya girme shi, kuma tare suka tashi kamar wa da ƙani.

Ranar Asabar ce, kuma a nan matsalar take. A wajenmu ba a barin gida ranar Asabar. Idan tafiya ta zama dole, sai a fitar da wani abu na mai tafiyar tun Juma'a, sanda ko ɗankwali ko lema, a kai shi gaba ya kwana, a ce ai tafiya ta fara tun jiya. Kausila ta je wurin Pandit, malamin addininmu mai duba rana, ya buɗe littafinsa ya ce daga Lahadi har kwana tara babu ranar da ta dace a fitar da dabba. Ita kuwa ba ta da kwana tara. 'Yarta Sarmila, wadda ke aure a Ratmate, ƙetaren kwazazzabo, ta haihu sati uku da suka wuce. Jiki ya ƙi dawowa, nono ya ƙi zuwa sosai, ga shi ɓaunar gidan mijinta ta ƙafe. Mai jego a ƙasarmu madara da mai ne ke tayar da ita. Shi ne Kausila ta ce ɓaunarta Bunti za ta koma can. Da ta duba abin da ɓauna ta mallaka a duniya, ba ta ga komai ba sai igiyarta. Ta kwance ta miƙa wa surukinta Yamlal, ya haye da ita ranar Juma'a da yamma.

"Da kana gari jiya da tuni an gama," in ji ta. "Ka tafi yawon duba ido."

"Idon da zan haye da ɓaunarki na kai a duba. Ɗanta fa?"

"Ka san ya mutu tun damina."

"Na sani. Ina dai lissafa abin da ba mu da shi ne."

Shagona na gyaran waya shi ne na ƙarshe kafin gada, shi ya sa bencin ƙofata ya zama ofishin Dilman Dai. Shekara huɗu ke nan da na buɗe, kusan kullum a nan yake shan shayin safe, a nan kuma masu dabbobi suke samunsa. Ya haura sittin. Gajere ne mai kaurin ƙwauri, da hula guda ɗaya wadda ba wanda ya tuna asalin launinta. Hannunsa na dama yatsa uku ne. Baƙi sukan ɗauka tsohon soja ne, kamar rabin tsofaffin tsaunin nan, shi kuma ba ya gyara musu. Gaskiyar ita ce ya je ɗaukar soja sau biyu yana saurayi, sau biyu aka tsayar da shi jikin sanda aka ce ya gaza da faɗin yatsa ɗaya. "Da na san yatsun nan ba za su zauna ba," yakan ce, "da na ba su ɗaya tun lokacin a ɗora mini a ka."

A can ƙasa aka haife shi, bakin kogin Kali, a wani gidan dutse da in ka leƙa daga tsakiyar gada yanzu za ka gan shi kamar akwatin ashana. Kafin a yi gada, igiyar ƙarfe ɗaya ce a miƙe daga wannan gaɓa zuwa waccan, da akwatin katako a rataye jikinta a kan 'yar taya. Mutum ya shiga, mai ja ya jawo shi da hannu daga gaɓa. Uban Dilman ne mai ja. Da bayan tsohon ya ƙi, Dilman ya baro Indiya, inda ya yi shekara biyu yana gadin wani kantin magani, ya zo ya karɓa. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan mutanen garinmu Simle zuwa Ratmate da mutanen Ratmate zuwa Simle: amare, marasa lafiya, 'yan makaranta, buhunan gishiri, sau ɗaya har da keken ɗinki. Ladansa tamba ce a lokacin girbi, kowane gida da mudunsa.

Ranar da aka buɗe gada an yi kiɗa, manya sun yi jawabi, shi ma an rataya masa furanni. Washegari ya tashi babu aiki. Matarsa ta riga ta rasu, ɗansa yana Malesiya. Ya ce wata uku ya yi a zaune ƙofar gida yana kallon mutane suna wucewa ta sama kamar tururuwa a kan zare. Sai wata rana ya hawo sayen taba, ya tarar da wani mutumin Ratmate da sa na noma a bakin gada. Mutum huɗu suna ja, uku suna turawa, sa ya durƙusa ya ƙi. Daɓen gadar ƙarfe ne mai huda-huda, kana ganin kogi a tsakanin yatsun ƙafarka. Injiniyan da ya zana ta bai yi shawara da sa ba. Dilman ya ce su matsa. Ya zauna kusa da dabbar har ta huce ta koma tuƙa, ya yage buhu ya ɗaura mata a ƙarƙashin ido yadda za ta ga gaba ba za ta ga ƙasa ba, ya haye da ita. Tun ranar ya sami abin yi.

Ba ya duka, ba ya yarda a tura daga baya, ba ya son hayaniya. Idan da ɗa, a sa shi a kwando a goya a shiga gaba, uwa za ta bi ko cikin wuta ne. Idan babu ɗa, sai igiyar da dabba ta saba da ita, wadda ta sha guminta da warin garkenta. Ya ce dabba in ta ji tsohuwar igiyarta a wuya, shan ruwa take zaton za a kai ta. Sabuwar igiya kuwa mahauci ne ke zuwa da ita. Faɗin gadar bai fi na ɓauna ɗaya ba. In ta firgita a tsakiya ta ce za ta juya, ƙaho zai shiga ragar gefe, ƙafa ta karye, daga nan sai wuƙa. Bai taɓa asarar dabba ba, kuma ba ya son a faɗi haka a gabansa.

Na ce, "Dai, ko in buga wa Yamlal waya ya dawo da igiyar? Ai ba nisa."

Kausila ta dube ni kamar na zagi wani babba. "Igiya ta dawo? To tafiya ta warware ke nan. Sai mu fara ta yau, Asabar, ga jariri a gida."

"To ya kawo ta tsakiya kawai. Daga tsakiya ai ƙasarsu ce."

"Likitan waya, tsaya ga majinyatanka," in ji Dilman. "Wa ya ce maka tsakiya ce mai wuya? Taku ashirin na farko, su ne gadar."

Babu wata hanya. Tsohuwar turbar da ke gangarawa kogi zaftarewar damina ta cinye ta, gadar mota kuwa tafiyar yini guda ce, ba a yi wa ɓauna mai nono haka.

Pabitra Didi, wato Yaya Pabitra, mai shayi, wadda rumfarta ke kallon shagona, ta nuna hanya da wuƙar da take yankan kokwamba. "Ga motar birnin Pokhara ta farko can tana hawowa. In za ku yi abu ku yi."

Tun da hoton gadarmu ya shiga wayoyi, Asabar ta zama ranar kasuwa. Suna zuwa mota-mota, su tsaya a tsakiya, su juya wa dogon dutsen nan mai farar ƙanƙara baya su ɗauki kansu hoto. Samari su yi tsalle don gada ta yi lilo 'yan mata su yi ƙara. Dilman ba ya jin haushinsu. Ya ce ya ƙare ƙuruciyarsa yana cire wa mutane tsoro, bai san akwai masu shiga mota su zo nemansa ba. Kusan kowane mako sai wani ya daskare a tsakiya, ya rungume raga ya rufe ido, a zo a kira Dilman ya ɗauko shi. Yadda yake yi wa awaki haka yake yi musu, sai dai ba ya gaya musu.

Amma ba motar yake kallo ba. Tutocin addu'a yake kallo, waɗanda ke ɗaure jikin igiyoyin gada. A lokacin suna rataye shiru. Iskar kwazazzabo da hantsi take tasowa, kuma in ta taso ba ta kwanciya sai rana ta faɗi.

Ya tsuguna a gaban Bunti yana kallonta. Can ya ce, "Bauju, je ki wurin Pabitra ki karɓo mini ashana."

"Ƙafarka ciwo take?"

"Je ki dai."

Ta tafi tana ƙunƙuni. Bunti ta juya kai ta bi ta da ido, ta ja igiya, ta yi ta gurnani ƙasa-ƙasa har sai da ta dawo.

"Wa ke tatsar ta?"

"Ni mana."

"In wani ya gwada fa?"

"Tun da ɗanta ya mutu ba ta yarda da hannun kowa. Ko maƙwabciyata da ta gwada sai da ta sha hauri." Sai ta ji abin da bakinta ya faɗa.

"To a Ratmate wa zai tatsa?"

"Za ta saba."

"Za ta saba, ai. Kafin ta saba nono ya ƙafe, Yamlal ya tashi da ɓauna biyu masu cin ciyawa a banza."

Kowa a Simle ya san Kausila ba ta haye kogi. Shekara goma sha tara ke nan. Mijinta Manbir yana dawowa daga Ratmate da damina, shi kaɗai a cikin akwatin katako, kogi ya cika yana tafe da itatuwa. 'Yar tayar ta goce daga kan igiyar ƙarfe, akwati ya karkace. Dilman ya naɗe igiyar ja a hannu ya riƙe. Igiya ta tafi da yatsu biyu, kogi ya tafi da Manbir, ba a kuma ga gawar ba. Ba ta taɓa ɗora wa Dilman laifi ba, ko da baki ko da ido. Duk girbi tana aika masa mudunsa na tamba, har bayan an daina ja. Amma ko da aka yi gada ba ta taka ta ba. Ranar auren Sarmila, a nan ƙofar shagona ta tsaya aka wuce da amarya. Gidan 'yarta kullum tana hango shi daga gona, mai shuɗin kwano, ba ta taɓa shiga ba.

"Ke za ki shiga gaba," in ji Dilman.

"A'a."

"Babu igiya, babu ɗa. Ke kaɗai kika rage mata."

"Na ce a'a. Na kawo ta bakin gada, nawa ya ƙare."

"To mu jira kwana taran."

Ta dubi ƙetare, ta dubi ƙasa, ta gyara furen wuyan ɓaunar da bai karkace ba. Sai ta samo mafita.

"Ni ban fitar da komai nawa jiya ba. Asabar ce. Ba zan bar gida ba."

Pabitra Didi ba ta ɗago daga kokwambarta ba. "Kausila Didi, tsohuwar igiyar nan a wace kasuwa kika saye ta?"

"Wace kasuwa? Da hannuna na tufka ta, shekarar da aka haifi Bunti."

"To ai taki ce. Tun jiya kina Ratmate, ke ce ba ki sani ba."

"Pandit bai ce haka ba."

"Pandit yana barci. In ya tashi ni zan gaya masa abin da ya ce."

Ni na yi dariya, Dilman bai yi ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa.

"Bauju, gara in gaya miki tun yanzu. In kin shiga gabanta babu komowa. Babu inda za ki raɓa ta ki wuce. Ba zan ruɗe ki in ce rabi kawai ba."

Ta daɗe a tsaye. Motar Pokhara ta iso ta kashe, mutane suna sauka suna miƙa. Sai ta sunkuya ta cire silifas ta cusa a ɗamararta.

"Bar su a ƙafa, ƙarfen da sanyi," in ji Dilman.

"Da takalmi ba na sanin abin da nake takawa."

Daga nan bai ƙara ɓata lokaci ba. Ya ce in buga wa Yamlal ya tare mutane a wancan bakin. Pabitra Didi ta jawo bencinta ta gitta a ƙofar gada ta zauna a kai. Wani mai baƙin tabarau daga cikin baƙin ya ce su tun asuba suka baro gida.

"Ita ma, Yallaɓai," in ji Pabitra. "Kuma ita da ƙafa ta zo. Zauna ka sha shayi."

Dilman ya shimfiɗa buhuna huɗu a kan ƙarfen farko, ya ɗebi kashin da Bunti ta yi a wurin ya shafa musu. Ya ɗaura mata ƙyallen buhu daga ƙaho zuwa ƙaho ta ƙarƙashin ido. Sannan ya kwance shuɗiyar igiyar gaba ɗaya ya jefo mini. Ɓauna ta tsaya babu komai a wuya sai fure. Ban taɓa ganin ya shiga gada da dabba a sake ba.

Ya hau gadar da baya, ya kama igiyar gefe da hagu, ya miƙa wa Kausila hannun dama. Ta dubi hannun.

"Ba ni ɗayan."

"Ɗayan yana aiki."

Ta kama shi a wuyan hannu.

"Kada ki rufe ido, kada ki dubi ƙasa. Hular nan za ki kalla."

"Hular nan ta fi kogin ban tsoro."

"Madalla. Yanzu kira ta yadda kike kiranta da yamma."

Ta kira. Bunti ta sunsuna buhun farko, ta ɗora ƙafa, ta janye. Ta sake sunsunawa. Kausila ta ci gaba da yi mata magana, irin maganar da ake yi wa dabba a garke in ba kowa: ke malalaciya, ke mai cikin banza, zo mu je. Dilman ya ja da baya taku ɗaya, Kausila ta bi, tazara ta buɗe tsakaninta da ɓaunar. Abin da Bunti ba ta iya jurewa ba ke nan. Ta hau.

Da buhuna suka ƙare, kofato ya bugi ƙarfe ya yi ƙara, ta tsaya cak. Na ga fatar bayanta tana motsi. Kausila ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba, ta samu hancin, ta shafa. Suka ci gaba, hancin ɓauna a gadon bayan matar, matar tana kallon hula, mai hula yana tafiya da baya.

Gadarmu tana sauka ne zuwa tsakiya sannan ta sake hawa. Muna tsaye muna kallo suna gangarawa suna ƙanƙancewa. Baƙin duk sun ɗaga wayoyi. Wata yarinya ta fara tafi, uwarta ta riƙe mata hannu.

Daidai tsakiya suka tsaya.

Daga inda nake ba na ganin fuska, amma na ga kan Kausila ya sunkuya. Ƙasa take kallo. Bunti ta fara sauya ƙafa, gindinta yana bugun raga dama da hagu, gada ta ɗauki motsin ta kawo mana shi har bakin ƙofa. Tutocin da ke kusa da mu suka ɗaga kaɗan, suka koma, suka sake ɗagawa. Mai tabarau ya sauke wayarsa. Pabitra Didi ta ajiye wuƙa. Ban san tsawon lokacin da suka yi ba. Na dai san madarar da ke kan wutarta ta tafasa ta zube, ba ta tashi ba.

Sai baƙin ɗigon ya motsa. Suka fara hawa wancan ɓangaren a hankali, ba su ƙara tsayawa ba. Da suka taka ƙasa, Yamlal ya bugo waya, bai ce komai ba sai, "Sun iso, Kanca," ya kashe. Kanca, wato auta, suke kirana a nan. Pabitra ta janye benci, baƙi suka kwarara.

Rana ta yi sama kafin Dilman ya dawo, yana ratsa masu hoto, ƙyallen buhu a kafaɗa. Iska ta riga ta taso, tutoci suna ta bugun juna. Ya zauna a bencina. A wuyan hannunsa akwai sawun farce huɗu, ɗaya ya yi jini. Pabitra ta kawo masa shayi da gurasar shinkafa ba tare da ya nema ba. Na ci gaba da kwance wayar da ke gabana. Na san shi, in ka tambaya sai ya yi maka zancen farashin taba.

Ya sha rabin kofi.

"Na ce kada ta dubi ƙasa. Ta duba."

Na ce, "Na gani."

"Daidai kan tsohon turken igiyar ƙarfe. Yana nan, ban taɓa cire shi ba. Ta ce, a nan ne? Na ce a nan ne. Ta ce, ya yi magana?" Ya juya kofin a hannu. "Shekara goma sha tara, yau ta ga damar tambaya. Ga ɓauna a bayanta, ga iska na zuwa."

"Ya yi maganar, Dai?"

"Ya yi. Yana cikin akwati a tsakiyar kogi ya ɗago murya ya ce, Dilman, ja da sauri, yunwa nake ji, Baujunka ta dafa ganyen kabewa." Ya dubi yatsunsa uku. "Ni kuwa na ja da sauri. Ubana bai taɓa ja da sauri da damina ba, ya kuma hana ni. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba. Yau na gaya mata."

"A can tsakiya?"

"A can ta tambaya. Da na ce mata bai ce komai ba, da ta ji a hannuna. Tana riƙe da shi."

Pabitra ta matso ta tsaya jikin ƙofa. "Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba, ta dai matse. Na ji ɓauna tana neman juyawa, na ce a raina to yau ranar ce, ga dabba ga mai dabba, duk na kawo su nan da bakina. Can ta ce, mutumin nan tun da na san shi bai taɓa jiran abinci ya huce ba. Sai ta ɗago ta kalli hula ta ce, tafi mana, ka tsaya kamar turke, abin nan tana hura mini wuta a baya."

Pabitra ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙi ne, ta koma rumfa.

"Ta ga jaririn?" na tambaya.

"Ko ɗaki ba ta shiga ba. Ta ce ɓauna ta yi tafiya, nono ya cika, a ba ta bokiti. Na baro ta tana tatsa tana yi wa Yamlal faɗa wai garkensa ko alade ba zai kwana ba. Sarmila tana zaune bakin ƙofa da yaron tana kuka tana dariya. Bokitin ya kusa rabi da na taho."

"Yaushe za ta dawo?"

"Sai Bunti ta yarda da wani hannun. Sati, wata, ban sani ba. In ta tashi za ta aiko."

Ya ƙarasa shayin, ya naɗe sauran gurasar a takarda ya sa aljihu. Ya tattara buhunansa huɗu da baƙi suka tattake, ya kakkaɓe su jikin bango, ya ɗaure. Ya ce akwai wani sa a unguwar sama da za a haye da shi ranar Alhamis, mai faɗa ne, gara ya fara zuwa yana zama kusa da shi tun yau don ya san warinsa.

"In wani ya neme ni, ina gidan Harimaya, mai san."

Ya rataya igiyar buhunan a goshi, ya kama matakalar dutse ya fara hawa.